Tsakanin Hoto na Shida da na Bakwai

Litinin, 23 ga Yuni, bayan La'asar

Yau aka sauke hotona daga bangon falo. Yaya Bashir ne ya naɗe shi kamar tabarma, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi ƙauye da shi wajen mai unguwa. Ya bar mana ƙusoshi huɗu da wani dogon wuri a bango da fentinsa ya fi na sauran haske.

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta labarin ƙasa, shekara uku ina koyar da shi, amma a gidan nan ko hanyar Ajingi ba a taɓa tambayata ba. Sai yau na zama shaida, shi ma ba da bakina ba.

Hoton gonar gado ne. Bara waccan na ɗauke shi, cikin Agusta, lokacin da gyaɗa ta rufe ƙasa. Na tsaya gefen suri, na ɗauki hoto goma sha ɗaya ina juyawa kaɗan-kaɗan daga hagu zuwa dama, kowanne ya ɗan hau gefen na bayansa, sannan na zuba su a manhaja ta ɗinke su suka zama ɗaya. Na sa aka buga shi a kan ledar da ake buga fostar 'yan siyasa, tsawonsa ya kai mita biyu, domin Baba ya iya gani. Yanar ido ta ci idanunsa, ƙaramin hoto a wurinsa duk hayaƙi ne. Masu sana'ar suna ce masa fanorama. Gwaggo Hure ta ce masa dogon hoto, sunan nata ne ya bi shi.

An raba gonar tun rasuwar Kaka: yamma, mafi girma, ta Baba; gabas ta Gwaggo Hure, ƙanwarsa. Layin gamba ne iyaka. Sati biyu da suka wuce tarakta ta shiga, yanzu babu gamba ko tushe ɗaya. Ba zan rubuta wanda ya ɗauko taraktar ba, ko wanda ya tsaya yana nuna wa direba hanya da hannu. Tarakta dai ta shiga.

Abin da ake rigima a kai: ɗorawa ɗaya da kunya goma sha biyu da ke gindinta. Gwaggo ta ce nata ne. Hotona ya ce na Baba ne.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Koko ya huce a gabana. Umma ta tambaya ko zazzaɓi ne. Na ce ƙwarai.

Laraba, 25 ga Yuni, bayan Magariba

Yaya Bashir ya dawo da labari, yana ba Baba a tsakar gida, ni ina wanke kofuna biyu na tsawon rabin sa'a.

Dattawan da suka yi rabon duk sun rasu. Maƙwabtan gona sun ce sun san Hure ce ke kaɗe ɗorawar kowace shekara, amma ba su sani ba ko tata ce ko ɗan'uwanta ne ya bar mata. Sai aka shimfiɗa hoton a zaure, aka danne gefunansa da takalma. Ga gamba nan kore shar, ga ɗorawa a yammanta, ɓangarenmu.

"Mai unguwa da kansa ya ce hoto ba ya ƙarya," in ji Yaya. "Bala ya rasa bakin magana. Sai haɗiyar yawu."

Bala ɗan Gwaggo ne, shi ke noma mata. Tare suka tashi da Yaya, har kaciya rana ɗaya aka yi musu.

An sa zama ranar Lahadi, shida ga wata mai kamawa. Idan Gwaggo ba ta haƙura ba sai kotu. Ita ke da'awa, ba ta da shaida, don haka rantsuwa za ta faɗo kan Baba. Yaya ya faɗi wannan kamar wanda ke cewa gobe za a yi ruwa.

Baba ya ce, "In ta kama zan rantse. Ba na son a kai can, amma zan rantse. Ai ga shi Ummi ta ɗauko mana gaskiya tun kafin a nema."

Ɗaya kofin ya suɓuce mini. Bai fashe ba, na roba ne. Ko a nan ban samu abin da zai katse maganar ba.

Alhamis, 26 ga Yuni, lokacin tara a makaranta

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda littafin nan ba ya zuwa zauren kowa.

Dokar ɗaukar irin wannan hoto ɗaya ce: ƙafa ba ta motsi, kyamara ce ke juyawa. Na kiyaye har hoto na shida. Sai cinnaku suka hau ni. Na yi tsalle, na kakkaɓe zani, na matsa can gefe taku bakwai ko takwas, na ci gaba daga na bakwai kamar ba abin da ya faru.

Manhaja tana aiki ne da neman abin da ya yi kama a hotuna biyu, ta ce wannan shi ne wancan, ta ɗinke a nan. To gonar gyaɗa kunya ce bayan kunya, duk uwarsu ɗaya. Ta kama kunyar da ba ita ba ta haɗa da wata. Da ta gama, sai ga ni da layin gamba biyu da ɗorawa biyu a jere: gamba, ɗorawa, gamba, ɗorawa.

Na tuna har dariya na yi. Na ɗauki abin gogewa na manhajar, na share gamba ɗaya, na share ɗorawa ɗaya, na cike wuraren da gyaɗa da sararin sama. Wace ɗorawa na bari? Wadda ta faɗo daidai tsakiyar hoton, don ta fi kyau a can. Wace gamba na bari? Wadda ba ta tare gindin bishiyar ba.

Ban tsaya na tambayi kaina wace ce ke gaban wace ba. Malamar labarin ƙasa. Ranar ina neman kyau ne, kuma na samu, kowa ya yaba.

Yanzu ba ni da tabbacin abin da na share. Zuciyata dai ta san inda ta karkata, shi ya sa koko ke hucewa.

Juma'a, 27 ga Yuni, da hantsi

Hotunan asali goma sha ɗaya suna cikin tsohuwar kwamfutata, wadda ta mutu bara. Tana ƙarƙashin gado cikin jakar Ghana. Na jawo ta, na kalle ta, na mayar.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Baba ya dawo ya tsaya gaban bangon da babu komai, kamar yadda ya saba, hancinsa kusa da fenti. Shekara biyu kullum haka yake yi, yana bin gonar da yatsa daga wannan ƙusa zuwa waccan. Lokacin rabon yana Kano wurin aiki, wasiƙa aka aika masa. Shekara talatin a ofis, gonar sai dai ya leƙa ta da kaka. Ina jin gonar da ke kansa yanzu ba ta Kaka ba ce, tawa ce.

Umma tana tsintar shinkafa, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Bayan babanku, babu wanda ya kai Bashir kallon hoton nan. Watan jiya har waya ya sa ya ɗauke shi."

Ban tambaye ta me take nufi ba. Ita ma ba ta ƙara ba.

Asabar, 28 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya

Na kai kwamfutar wurin mai gyara a bakin kasuwa. Ya jujjuya ta ya ce, "Hajiya, wannan ai sai dai addu'a." Na ji wani sanyi a raina wanda bai kamata mutumin kirki ya ji ba. Sai ya ƙara da cewa ita kwamfutar ce ta mutu, amma ma'ajiyar cikinta wataƙila da rai, in dawo Litinin.

Duk masu gyaran da suka taɓa lalata mini kaya a garin Gaya, sai yau na faɗa hannun gwani.

Lahadi, 29 ga Yuni, da yamma

Na je Ajingi. Na ce wa Umma zan duba wata abokiyar aiki. Ta ce in gaishe da abokiyar aikin, in kuma ce mata daddawarmu ta kusa ƙarewa.

Na tarar da Gwaggo Hure a tsakar gida tana shanya kalwa, gidan duk ya ɗauki warin da muke toshe wa hanci muna yara, muna kuma lashe kwanon miyarsa.

"A'a, Uwata ce da rana tsaka? Ko kin zo ki ɗauki hoton gidan ne shi ma ya koma na Yaya, babanki?"

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ita da Baba ba sa kiran sunana na yanka. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa har da tambayar makaranta da yara da shugabar makarantar da ba ta taɓa gani ba, sannan ta miƙo mini fura.

Ta ce, "Shekara ashirin da shida ina kaɗe bishiyar nan. Da kalwarta na aurar da Fatsuma. Ranar rabo ina tsaye, Baffa Gaji ya dasa gambar da hannunsa, ya ce Hure, ke mace ce, rabonki kaɗan ne, to ga bishiya ta faɗo miki, Allah ne ya so ki. Yanzu Baffa Gaji yana kabari, gamba tana cikin cikin tarakta, ni kuma an ce takarda ta fi ni tunawa."

Na ce, "Gwaggo, ai kin sha ganin hoton a falo. Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Ni na tsaya duba shi? Na ga kore, na ga sama, na ce Uwata ta iya. Wa ke shiga falon ɗan'uwansa yana auna iyaka?"

Sai ta shiga juya kalwa da tafin hannu. Ta ce ba bishiyar ce ke hana ta barci ba. "Babanki zai dafa Alƙur'ani a kan abin da ba haka yake ba. Ba da gangan ba, na sani, idonsa ne da ɗansa. Amma rantsuwa ba ta tambayar wa ya ruɗe ka. In na bari aka kai can, ni na kai shi. In na haƙura, 'ya'yana su ce na sayar da su. Ke da kika yi boko, wanne zan ɗauka?"

Na ce furar ta yi daɗi. Abin da digirina ya iya ke nan.

Ta ƙulla mini daddawa a leda ta ce in kai wa Umma. Har na hau mota ledar na kan cinyata tana wari, kowa na kallona.

Litinin, 30 ga Yuni, ƙarfe biyar

Ma'ajiyar da rai. Ya zuba mini komai a filashi.

Ban buɗe ba.

Talata, 1 ga Yuli, bayan Asuba

Na buɗe.

Hoto na shida: gamba a hagu, ɗorawa a damanta. Hoto na bakwai: gamba a hagu, ɗorawa a damanta. Dama ita ce gabas. Duk biyun bakinsu ɗaya, ba su taɓa saɓawa ba. Ni ce na shiga tsakaninsu.

Na sake ɗinke su a sabuwar kwamfuta har sau uku, ko manhaja za ta tausaya mini ta fito da wani abu dabam. Sau ukun tana ba ni bishiya biyu. Ita aƙalla ba ta ɓoye cewa ta rikice.

A gefen hoto na bakwai har ƙafar Bala ta fito, yana zaune a inuwar ɗorawar yana cin wani abu a kwano. A dogon hoto babu shi. Shi ma na share shi, ina jin don rigarsa ja ce, tana jan ido.

Laraba, 2 ga Yuli, bayan La'asar

Na tare Yaya Bashir a zaure yana goge babur. Na nuna masa a waya. Ya kalla, bai ko kai hannu ya ƙara girmansu ba.

"To?"

Na ce, "Yaya, hoton falo kuskure ne. Ni na yi shi."

"Ke kika ce kuskure ne. Mai unguwa ya ce daidai ne."

"Mai unguwa bai san yadda ake haɗa shi ba."

"To wa ya aike ki ki koya masa?" Ya matse tsumma. "Ummi, kin san mutum nawa ke ci daga gonar nan? Ke albashi kike jira, ƙarshen wata ki ji ƙarar waya. Ni ƙasa nake jira. Kunya goma sha biyu a wurinki zane ne a allo."

Na ce Baba zai rantse.

"Ba za a kai can ba. Gwaggo za ta haƙura, ba za ta bari ɗan'uwanta ya dafa Alƙur'ani ba. Na san ta."

Nan na gane lissafin nasa, kuma ba zan rubuta shi da sunansa ba. Na ce idan ba ta haƙura ba fa?

Ya ce, "Sai ki tashi gaban mutane ki ce ubanki makaho ne, yayanki ɓarawo, ke kuma maƙaryaciya. Ki zaɓi wanda za ki fara da shi. Hawan jininsa kuma ki tanadi abin da za ki gaya wa likita."

Ya tada babur ya bar ni da hayaƙi. Abin haushin, a cikin ukun nan akwai wanda ba zan iya musawa ba.

Alhamis, 3 ga Yuli, da safe

Na koyar da aji biyu yadda ake karanta taswira. Na ce musu kullum su tambayi wanda ya zana ta da abin da ya bari a waje. Sun rubuta. Wata ma ta ja layi a ƙarƙashi.

Alhamis, bayan Magariba

Na gwada gaya wa Baba. Na kai masa shayi, na zauna a ƙasa gefen kujerarsa, na ce akwai magana a kan hoton. Na miƙa masa wayar. Ya kai ta har kan hancinsa, ya juya ta sama da ƙasa.

"Uwata, ni ban ga komai ba sai haske. Mene ne?"

Na buɗe baki. Sai ya dafa kaina ya ce tun da idonsa ya tafi babu wanda ya yi masa kyauta irin wannan. Ya ce mutane suna kawo masa magani da addu'a, ni kuwa na kawo masa gonar ubansa har ɗaki. Ya ce in an gama shari'a a mayar da shi wurinsa, bangon ya yi masa tsirara.

Na ce shayin zai huce.

Juma'a, 4 ga Yuli, ƙarfe uku

Saura kwana biyu.

Na kai hoto na shida da na bakwai shagon da aka buga na farko, na ce a buga kowanne shi kaɗai, babba, yadda mai raunin ido zai gani. Mai shagon ya ce ai in na haɗa su za su fi kyau, shi ma yana da manhajar. Na ce na gode, na taɓa gwadawa.

Ban yanke shawarar komai ba. Bugawa kawai na yi. Mutum na iya buga hoto ya ajiye a ƙarƙashin gado, akwai wuri, kwamfutar ta bar wajen.

Asabar, 5 ga Yuli, da azahar

Umma ta shigo ɗakina neman almakashi, ta ga naɗin biyu a bayan ƙofa. Ta daɗe tana kallonsu. Ta ce gobe in sa babban mayafina mai ruwan toka, zauren mai unguwa cike yake da maza. Ta fita ba ta ɗauki almakashin ba.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan Magariba

Bari in rubuta tun ban fara gyara shi a kaina ba. Na san halina da gyara.

A-daidaita-sahu muka ɗauka, ni da Baba, Yaya na gaba a babur. Zauren ya cika: mai unguwa, liman, maƙwabtan gona, Bala. Ni da Gwaggo aka shimfiɗa mana tabarma a bakin ƙofa ta ciki. Dogon hoto na tsakiya, an danne shi da takalma.

Mai unguwa ya tambayi Gwaggo ko ta haƙura. Ta kalli Baba, ta daɗe. Na ga leɓenta ya fara motsi, na kuma san abin da zai fito, domin idonta ya riga ya cika. Sai na ji wata murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana." Tawa ce.

Na faɗi komai: cinnaku, taku takwas, bishiya biyu, abin gogewa. Na warware na shida da na bakwai a gefen dogon. Sai wani tsoho ya ce, "Yanzu 'yar nan cewa take ta ciro bishiya ta dasa a wani wuri?"

Yaya ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta iya yin ƙarya da wancan, me zai hana ta yi da waɗannan? Jiya-jiya aka ga ta je Ajingi." Maganarsa ta shiga, na ga kawuna suna gyaɗawa. Gaskiya tambaya ce mai kyau. Da ɗalibata ce ta yi ta, da na ba ta maki.

Mai unguwa ya ce shi dai a saninsa hoto abin da ya gani yake faɗa. Na roƙi izini in nuna. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗauki zauren da waya, na roƙi Malam Liman ya tashi daga hagun mai unguwa ya koma damansa, na sake ɗauka, na haɗa su nan take. Na miƙa.

Mai unguwa ya kalla, ya kalli Liman, ya sake kallon wayar. "Malam, ashe ku biyu ne ba ka taɓa faɗa ba?"

Liman ya karɓa ya ce, "A'uzu billahi. Wanne ne ni?" Wani daga baya ya ce a bar ɗaya ya riƙa jan Asuba, ɗaya ya huta. Aka yi dariya, har Bala. Na sa yatsa na share Liman na hagu a gabansu, wurin ya koma bango. Dariyar ta tsaya.

Na ce dogon hoto haka aka yi shi, guda goma sha ɗaya ne na haɗa. Waɗannan biyun kuwa kowanne ɗauka ɗaya ne, kuma ga Bala nan a ciki da jar riga, a tambaye shi inda ya zauna. Wani maƙwabci ya matso ya ce ga surin nan, shi ya san gambar ta taso ne daga gindin suri, kuma surin yana nan, tarakta ta kauce masa.

 Sai Baba ya ce a ɗaga masa na shida. Bala ne ya riƙe gefe ɗaya, ni ɗaya. Ya matso har numfashinsa na taɓa ledar, ya sa yatsa a kan gambar, ya bi ta a hankali har sama, ya tsaya. Ya matsar da yatsan dama, ya sami bishiyar.

Ya ce, "Uwata, tun yaushe kika sani?"

Na ce tun Talata na tabbatar. Zargi kuwa tun ranar da aka sauke shi.

"Ranar Alhamis da kika kawo mini shayi kin sani."

Na ce na sani.

Ya juya wajen mai unguwa ya ce ba zai rantse ba, ba kuma ya neman komai a gabashin suri. Ya ce, "Hure, ki yafe mini. Na kusa dafa Littafin Allah a kan zanen yarinya." Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka sa Asabar a sake dasa gamba, kowane gida ya kawo tushe. Liman ya yi addu'a. Kafin a shafa, babur ɗin Yaya ya tashi a waje.

A hanyar dawowa Baba bai yi mini magana ba. Zanen yarinya. Har Gaya ina juya kalmar.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Na gaishe shi, ya amsa. Iyakarta ke nan. Umma ta auna jininsa, ya hau kaɗan, ba kamar yadda aka yi mini alkawari ba.

Yaya yana cin abinci a shagon abokinsa. Matarsa ta daina aiko mini da 'yarta kitso.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan La'asar

An dawo da dogon hoto daga ƙauye. Yana jingine a bayan ƙofar falo, a naɗe, da sawun takalmi a gefensa. Babu wanda ya ce a rataye, babu wanda ya ce a yar. Baba ya daina tsayawa gaban bangon. Yanzu in ya dawo masallaci ɗakinsa yake wucewa kai tsaye.

Wannan ne ban lissafa ba. Na mayar wa Gwaggo bishiyarta, shi kuma na ƙwace masa gonar da yake iya gani.

Asabar, 12 ga Yuli, da yamma

Ban yi niyyar zuwa ba. Da safe Baba ya tsaya a ƙofar ɗakina, abin da bai yi ba duk satin nan, ya ce, "Ɗauko kyamarar."

An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi. Aka ja igiya daga gindin suri, aka bi ta yammacin ɗorawa har ƙarshen gona. Bala na haƙa, Gwaggo na miƙa tushen gamba, mai unguwa na tsaye da lema. Tushe na farko Baba ne ya sa da hannunsa, Gwaggo ta kama yatsunsa ta kai su ramin. Yaya ya zo a makare, ya tsaya nesa, daga baya ya karɓi fartanya daga hannun wani ya fara daga can ƙarshen, inda ba sai ya yi wa kowa magana ba. Bai kalle ni ba. Ban sa ran zai kalle ni bana ba.

Da aka gama Baba ya ce in ɗauki wani, dogo kamar wancan, bangon ya gaji da zama haka.

"Amma ki ji sharaɗina. Ba gogewa. In akuya ta fito biyu, ki bar mini su biyu. In Hure ta fito biyu ma na ɗauka, Allah ya ba ni haƙuri."

Gwaggo ta ce, "Ɗaya ma ya ka ƙare da ita?"

Na tsaya gefen suri, na kafa ƙafafuna, na fara daga hagu. Ɗaya, biyu, uku. A na biyar na ji cinnaku sun hau ɗan yatsana, a na shida sun kai idon sawu. Gidansu ne, ba su tashi ba.

Baba ya ce, "Me ya sa kika yi shiru? Kin gama?"

Na ce saura biyar.

Yanzu ƙafata ta kumbura har takalmi ba ya shiga, Umma ta shafa mini man zafi tana faɗa. Na zuba hotunan a manhaja ta ɗinke. Gamba ɗaya, ɗorawa ɗaya, a gabas. Bishiyar ta faɗo can gefe, ba a tsakiya ba, rabin kan mai unguwa ya yanke, ga Yaya a ƙarshe ya juya baya. Bai kai wancan kyau ba ko kusa. Litinin zan kai a buga.